Mai Kemis: A Takarda Ɗan Tireda, a Ƙauye Likita

A yawancin ƙauyukan ƙasar Hausa, idan zazzaɓi ya rufe yaro bayan sallar isha'i, ba wanda ke tunanin asibiti. Asibitin sha-ka-tafi, in ma akwai shi, tun la'asar malamin ya ja ƙofa ya hau babur ya koma gari wajen iyalinsa. Babban asibiti yana hedikwatar ƙaramar hukuma, kuɗin acaɓa zuwa da dawowa kaɗai ya isa sayen maganin, balle a wuraren da hanya ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga. Uban yaro tocila zai ɗauka ya nufi shagon mai kemis. In ya tarar a rufe, ya san gidansa, ya kuma san tagar ɗakin da yake kwana.

Shagon ba abin kallo ba ne. Ɗaki ɗaya ne a jikin gidan wani, da rufin kwano, da kanta ta katako mai gilashi a gaba. A bango an kafa katakai an jera kwalaye: farasitamol, maganin maleriya kala-kala, na tsutsar ciki, na ƙarin jini, man zafi, auduga da bandeji da filasta. Gefe guda sabulu ne da man shafawa da madarar jarirai, domin magani kaɗai ba ya riƙe shago a ƙauye. Akwai littafin bashi, akwai almakashi, akwai 'yar fitilar sola. Can ƙurya kuma labule, bayansa benci, sama da bencin ƙusa a bango inda ake rataya ledar ƙarin ruwa. Wannan ƙusa ba ta cikin lasisi.

Abin da ke cikin lasisin kaɗan ne. Tun zamanin Turawa aka ƙirƙiro shi, lokacin da masu ilmin harhaɗa magunguna 'yan ƙalilan ne a ƙasar. Aka ga tun da ba za a iya kai famasis kowane gari ba, a bar ɗan kasuwa mai hankali ya sayar da magungunan da ba su da haɗari sosai, cikin kwalinsu ko kwalbarsu, yadda suka fito daga kamfani. Sharuɗɗan da aka daɗe ana bi ba su da tsauri: mutum ya kai shekara 21, ya iya karatu da rubutu, ya kawo mutum biyu su tsaya masa. Ba a yarda ya yi allura ko ƙarin ruwa ba, ba a yarda ya ajiye magungunan da sai da takardar likita ake bayarwa ba, duk shekara kuma sai ya sabunta lasisin. A idon doka ɗan tireda ne da hajarsa ta zamo magani. An daɗe ana ƙiyasta cewa irin waɗannan shaguna sun kai 200,000 a Najeriya, masu lasisi da marasa shi, alhali manyan kantunan magani masu famasis a ciki sun taru ne a Legas da Abuja da manyan birane. Akwai ƙananan hukumomi a Arewa da za ka karaɗe su kaf ba ka ga ko ɗaya ba.

Mutanen gari ba ruwansu da abin da takarda ta ce. Likita suke kiransa, shi ma bai taɓa cewa a'a ba. Masu sana'ar kuwa iri biyu ne. Akwai wanda ya fito daga makarantar koyon aikin lafiya, nas ko ungozoma ko ma'aikacin lafiya na matakin farko, wanda ko dai bai samu aikin gwamnati ba, ko ya samu amma albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ya buɗe kemis yana zama da yamma. A Arewa irin waɗannan suna da yawa. Akwai kuma wanda duk karatunsa a bayan kantar ubangidansa ya yi shi.

Wannan na biyun yana ɗan saurayi uba zai kawo shi ya damƙa amana. Shekarar farko shara ce da goge ƙura da aike. Daga nan ya fara sanin magani da kalarsa kafin ya san sunansa: ja-da-yalo na kaza, ja-da-baƙi na kaza. Sannan ya koyi karanta rubutun likitoci, wanda shi kansa fanni ne, ya koyi duba ranar da wa'adin magani zai cika, ya riƙa jera mai kusan ƙarewa a gaba. Sai ubangida ya fara tura shi sari, ya gane dilan da ke da amana da wanda arhar kayansa ke da ban tsoro. Bayan 'yan shekaru a sallame shi da katan-katan na kaya da addu'a, ya nemi ƙauyen da ba kemis ya kafa. Hausawa da yawa a hannun Ibo 'yan Sabon Gari suka koya, yau su ma iyayen gida ne. Tsarin yana koyar da ciniki da sanin kaya sosai. Abin da ba ya koyarwa shi ne aikin da magani ke yi bayan an haɗiye shi: wanne ke cin ƙoda, wanne ba ya haɗuwa da wanne, wanne ba a ba mai juna biyu. Kuskuren ubangida kuma yaro zai gaje shi, ya koya wa nasa yaran.

A wajen haɗi ake ganin haka ƙuru-ƙuru. Tsaya bakin kemis ranar kasuwa, ba za ka daɗe ba dattijo zai jingine kekensa ya yi sallama.

"Likita, jikin ne dai. Gaɓoɓi duk sun saki, ga ciwon kai, ga baki ba ɗanɗano."

"Sannu Baba. Tun yaushe?"

"Yau kwana uku."

"Na nawa za a haɗa maka?"

"To, ɗari biyar ce a jikina. Ka dai taimaka, ɗana."

Amsar tambaya ta biyu ita ce za ta tsara maganin. Mai kemis zai ɗauko almakashi, ya yanko biyu daga wannan kati, biyu daga wancan: na kashe zafi iri biyu, kafso ɗaya ko biyu, ƙwayar bitamin mai kala don ta cika ido, wani lokaci da 'yar ƙaramar deksa mai sa mutum ya ji garau nan da nan. Ya ɓare su ya ƙulla a leda uku, na yanzu, na dare, na safe. Babu suna, babu kwali, babu ranar ƙarewa. Dattijo zai sha, gumi ya karyo masa, gobe ya gaya wa maƙwabcinsa cewa yaron nan hannunsa akwai sa'a. In gyambon ciki gare shi, magungunan kashe zafin nan biyu sun ƙara masa. In hawan jini ne ko ciwon suga, deksa ta taɓa shi. In kuwa maleriya ce, tana nan ba inda ta je. Ranar da aka kwashe shi zuwa babban asibiti likita ya tambayi me ya sha, 'ya'yansa za su ce haɗi ne, kuma ba mai iya faɗin abin da ke ciki, har shi wanda ya haɗa.

Ba mugunta ce ke kawo haka ba, ko a ce ba ita kaɗai ba. Ɗauki maganin maleriya. Tun 2005 Najeriya ta ajiye kulorakwin saboda cutar ta daina jin sa, ta koma haɗin da ake kira ACT. Wanda aka fi sani a cikinsu, na babban mutum ƙwaya 24 ne, huɗu da safe huɗu da dare, kwana uku cif. Mai ɗari biyar ba zai iya sayen kwalin ba. In mai kemis ya ce ya je ya ciko kuɗi, shago na gaba zai yanka masa. In ya ba shi bashi, sai kaka. Yawanci almakashi ke raba gardama, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani ya ninka, almakashin bai huta ba. Rabin magani kuwa ƙwayar cutar yake koya wa juriya, haka ma kafso biyu a inda ya kamata a sha na kwana 5 ko 7. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma a kan irin wannan kanta ake yi wa mafi yawansu magani.

Duk da haka ni ba na cikin masu zagin mai kemis a dunƙule. Wanda bai taɓa zama inda babu likita ba shi ke da bakin yin haka. Mai kemis na kirki ya san gidan kowa. Ya san tsohuwar da ke shan maganin hawan jini, ya san ranar da nata zai ƙare, yakan aika yaro da shi tun ba a tambaya ba. Magidancin da ke jin nauyin faɗin ciwonsa a gaban nas mace, a nan yake rage murya ya faɗa. Mafi amfanin abin da yake yi ma kora ce: ya dubi yaro yana numfashi sama-sama, ko idonsa ya yi fari fat, ko mai ciki ƙafa ta kumbura ga ciwon kai, ya ce, "Malam, wannan ba nawa ba ne, ku nemi mota yanzu-yanzu." Ana jin maganarsa fiye da sanarwar rediyo. Gwamnati ma ta gane haka, shi ya sa aka shigar da masu kemis cikin yaƙi da cututtukan da ke kashe yara: gishirin gudawa da ƙwayar zinki, amoksisilin mai narkewa a ruwa na ciwon huhun yara, da ɗan abin gwajin maleriya da ake ɗiga wa jinin yatsa ya nuna sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Inda gizo ke saƙar shi ne in gwaji ya nuna babu, mai yaro ba ya son komawa gida hannu rabbana, mai shago ma ba ya son ciniki ya fita.

Kayan kuwa, shekara da shekaru hanyarsu ɗaya ce a wannan yanki: Sabon Gari ta Kano, wajen da ake kira Malam Kato da kewayensa. Daga can aka riƙa loda katan-katan zuwa Katsina, Gusau, Dutse, Damaturu, har su tsallaka Maraɗi da Damagaram, inda za ka ga an baza su a faranti a bakin tasha. Kasuwa ce buɗaɗɗiya, mai kyau da jabu suna maƙwabtaka, ɗan ƙauye mai ƙaramin jari kuma arha yake bi. Wanda ya manta ɓarnar gurɓataccen magani ya tuna My Pikin, maganin haƙoran jarirai da ya kashe yara 84 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009. Gwamnatin tarayya ta daɗe tana son tashin kasuwannin magani na Kano, Legas, Anaca da Aba, a tara 'yan sari wuri guda mai katanga inda jami'an NAFDAC da na PCN, hukumar da ke kula da sana'ar magani, za su zauna tare da su. Kano ce ta fara kammala nata, a Ɗangwauro kan hanyar Zariya. 'Yan kasuwa suka ƙi tashi, aka je kotu. A watan Fabrairun 2024 babbar kotun tarayya ta ce su tashi, hukumomin biyu suka garƙame shaguna sama da 1,000 cikin 'yan kwanaki. 'Yan kasuwar sun koka da tsadar sabon wurin, kuma kukan nasu ba duka ne na banza ba. Amma a ganina wannan mataki ya fi duk samamen da ake kaiwa ƙauye amfani, domin in rijiya ta gurɓata ba guga ake kamawa da laifi ba. Mai kemis ba shi da ɗakin gwaji, abin da aka sayar masa shi zai sayar.

Ko kaya na gaske ne, zafi na jiran su. Yawancin kwalaye an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 30. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inuwa kanta tana haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin. Insulin na masu ciwon suga da allurar oksitosin mai tsayar da jini bayan haihuwa firiji suke so, ƙauyen kuma ba wuta. Lasisi da rasit ake tambaya in an zo dubawa. Ya kamata a riƙa tambayar ma'aunin zafi.

Maganar kodin da tiramol ba sai an tsawaita ba, kowace unguwa ta san ta. A watan Mayun 2018, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da bincikenta kan maganin tari mai kodin, gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Tiramol da doka ta yarda da shi mai miligiram 50 da 100 ne, shi ma da takardar likita. Wanda ake kamawa a hannun 'yan daba mai 225 ne. Mai kemis ɗin da ke ajiye irin wannan ƙarƙashin kanta, ko yake sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe, ya san abin da yake yi. Horo ba zai gyara shi ba, kuma 'yan ƙungiyarsu ta NAPPMED sun fi kowa sanin ko su wane ne.

Abin da ya sauya sana'ar a 'yan shekarun nan, ba tare da wata doka ta sa hannu ba, waya ce. Yau mai kemis a ƙauye yana ɗaukar hoton takardar da ya kasa karantawa ya tura wa famasis ko likitan da ya sani a birni ta WhatsApp. Ɗan da ke aiki a Abuja yana kiran likitan mahaifiyarsa, ya sayi maganin a babban kanti, ya ba direban motar garinsu a tasha, mai kemis ya karɓa ya riƙa ba ta yana auna mata jini. Dila yana karɓar oda ta saƙon murya, a tura masa kuɗi ta wajen mai POS, kaya su iso ranar kasuwa a but ɗin mota tare da buhunan taki. Duk wannan aikin magani ne daga nesa, kuma kullum ana yin sa. Sai dai ba a rubuta komai. In shawarar da aka bayar ta waya ta yi kisa, ba wanda zai ce shi ya bayar. In ta ceci rai, ba wanda ya biya mai ba da ita. Alfarma ce kawai, ranar da mai yin ta ya gaji shi ke nan. Ta wannan wayar dai ake tallar maganin ƙarfin maza da na ƙiba da na sanyi a Facebook da TikTok, a aiko maka har gida ba ka san fuskar mai sayarwa ba.

Doka ta fara motsi, amma birni take kallo. A 2021 PCN ta fitar da ƙa'idojin sayar da magani ta intanet: duk mai son yi sai ya yi rajista, kuma sai da famasis mai lasisi da zai ɗauki alhakin abin da ke fita. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar, wadda ta fayyace cewa ikonta ya hau kan shagunan kemis, bayan shekaru ana ja-in-ja a kotuna kan wa ke da hurumin ba su lasisi. Ƙa'idojin intanet ɗin sun yi wa mai babbar waya da katin banki da adireshin da ɗan aike zai gane daidai. Matar da ke ruga, ba lambar gida, ba karatun boko, wayar ma ta mijinta ce, ba za ta yi odar magani da kanta ba. Tsakaninta da famasis dole sai da mutum, mutumin nan kuwa yana nan tun tuni a bayan kantarsa.

Wasu sun riga mu shiga irin wannan hali, ko da yake talaucinsu ba irin namu ba ne. Jihar Dakota ta Arewa a Amurka ƙasa ce mai faɗi, mutane kaɗan, garuruwa nesa da juna. Kantunan magani na ƙananan garuruwa suka yi ta rufewa, tsofaffin masu su suna ritaya, matasa ba sa son zaman karkara. A 2001 hukumar sana'ar ta jihar ta fitar da ƙa'idar gwaji, a 2002 aka fara aiki da ita tare da jami'ar jihar da ke Fargo. A ƙaramin gari akwai mataimaki mai horo da rajista, shi ke karɓar takardar likita ya ƙirga magani. Kafin ya miƙa sai ya ɗora takardar da kwalbar da ya ɗebo da ƙwayoyin a gaban kyamara, famasis da ke wani gari ya duba ya amince, sannan ya yi wa mara lafiya bayani ta allo. In an yi kuskure wuyan famasis ɗin za a kama, shi ya sa yake zuwa da ƙafarsa lokaci-lokaci ya duba shagon. Wannan sanin wanda za a tuhuma shi ne abin ɗauka a tsarin, ya fi kyamarar muhimmanci.

Tanzaniya ta fi kusa da halinmu. A 2003 suka fara gwaji a yankin Ruvuma: a horar da mai shago, a gyara ɗaki, a tilasta rubuta abin da aka sayar, a riƙa dubawa, sannan a ba shagon izinin sayar da wasu 'yan magungunan takardar likita da aka lissafa. Wato an ba shi abin da zai rasa in ya karya doka. Daga baya tsarin ya game ƙasar. PCN ma ta ɗauko hanya mai kama da wannan, ta kasa masu kemis mataki uku: wanda bai yi karatun lafiya ba, wanda ya yi irin su nas da ma'aikatan lafiya na matakin farko, da wanda ya yi karatun taimaka wa famasis, kowanne da iyakar abin da zai taɓa. An fara gwada shi a Kaduna da Legas. Tunani ne mai kyau, ko ba komai an daina yi wa nas da yaron shago kuɗin goro.

Abin da ya rage, a nawa ganin, shi ne a haɗa matakan nan da famasis ta wayar da dama ana amfani da ita a ɓoye. Kowane kemis na karkara ya zamo yana ƙarƙashin wani famasis mai suna da lamba, a rubuta a jikin lasisi a kafe a bango. Famasis ɗaya ya riƙe shaguna ƙididdigaggu. Duk abin da ya wuce jerin da aka yarje wa shagon sai an kira shi, an tura hoto, ya amince, an rubuta a littafi. Ba sai da bidiyo ba, kira da hoto sun isa inda sabis ke da rauni. Jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri duk suna yaye masu wannan ilmi, da yawansu suna birni suna neman abin yi. Masu harhaɗa magunguna da ke adawa da duk wani sassauci suna da hujja: sun yi shekara 5 ko 6 a jami'a, suna ganin ana raba aikinsu ga wanda ya koya a bayan kanta. Akwai ma abin tsoron da ya fi wannan, su kansu sun san shi a cikin gidansu, wato famasis ya ba mai kuɗi hayar lasisinsa a rataye a bango, shi ko leƙawa ba ya yi. In aka yi sakaci kulawa ta waya za ta zama sabon salon wannan haya, mutum ɗaya yana karɓar kuɗin shaguna barkatai wayarsa a kashe. Littafin nan da ziyara ne za su hana, da kuma a ga an ƙwace lasisin wani ko da sau ɗaya.

Sai maganar kuɗi. Wa zai biya famasis ladan ɗaga waya da tsakar dare? In aka ɗora wa mara lafiya, mai haɗin ɗari biyar ya koma na ɗari huɗu. Jihohi da dama yanzu suna da hukumar taimakekeniyar lafiya da hukumar sayen magunguna. Nan ne gurbin wannan kuɗi, ta nan kuma za a iya sayar wa kemis mai rajista kaya masu kyau a farashin da ba zai sa ya waiwayi kasuwar bayan fage ba. Kada a manta kuma waya tana ɗaukewa. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka kwashe makonni a haka. A irin wannan rana abin da ke cikin kan mai shago kaɗai ya rage, don haka horo ne farko, waya ta biyo baya.

Abin da muka fi gani a labarai kuwa samame ne: an zagaya jiha kaza, an rufe shaguna ɗari kaza. Wasu sun cancanci rufewa har da ɗauri. Amma a garin da kemis ɗaya ne tak, ranar da aka sa masa kwaɗo mutane wajen mai tallar magani a bayan keke suke komawa, wanda kayansa ke yini a rana, ba shago balle lasisi, gobe kuma yana wata kasuwar. Shi mai shagon in ya biya tara aka buɗe masa, abin da ya koya shi ne ya riƙa ɓoye kayan a gida.

PCN tana da dokar 2022 a hannunta, tana da matakan nan uku. Gwamnonin Arewa, waɗanda mutanensu na karkara kemis ne asibitinsu, ba sai sun jira Abuja ba. A zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya da ba ta da famasis, a ƙirga shagunanta, a horar da masu su, a ɗauki famasis biyu ko uku a biya su albashi su riƙe waya, a yi shekara ana rubuta abin da ya faru. Kai kuma mai karatu, kafin a kai ga haka, in za a haɗa maka magani ka ce a bar maka kowace ƙwaya a cikin katinta, ka adana katin har ka warke, domin shi za a nuna wa likita in jikin ya ƙi.